Cinyar da Kawu Ya Roƙa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Kawuna, wan mahaifiyata, ya rasu da hantsin wata Laraba, gero ya fara fitar da kai. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Ni na zauna a zaure ina karɓar gaisuwa, saboda haka babu abin da aka faɗa a kansa da bai shiga kunnena ba. Mutanen Roni sun zo a akori-kura, na Gwiwa a kan kekuna. Kowa ya durƙusa ya ce ya haƙuri, a shafa fatiha, sai ya gyara zama ya fara ba da labarin mamaci.

Wani dattijo mai sayar da gishiri ya ce, "Maharbi ne na gaske a zamaninsa."

Na kusa da shi ya ce, "A zamaninsa fa. Ai tun shekarar fari bai ƙara shigowa gari da ko zomo ba."

Liman ya ce haka tsufa yake. Aka yi ta gyaɗa kai.

Wani Bafillatani abokinsa ya zo daga ruga. Bai hau tabarma ba, ya tsaya a bakin ƙofa da sanda a kafaɗa. Ya ce, "Shekara da shekaru yana ratsawa ta cikin shanuna, ko maraƙi bai taɓa ɗaga kai ba." Ya yi addu'a ya juya.

Wanda ya fi kowa kuka shi ne ɗan ƙanen Kawu, marayan da Kawu ya rena tun yana goye. Taubashina ne, ya girme ni kaɗan. Ya zo a kan babur, babbar riga tana jan ƙasa. Da liman ya ce duk wanda mamaci ya yi wa laifi ya yafe masa, shi ya fara ɗaga murya. Ya ce, "Ni na yafe wa Baba duniya da lahira." Jama'a suka sa masa albarka.

Da yamma na shiga cikin gida. Inna, matar Kawu, tana zaune a tabarmar takaba. Ta ce, "Me na ji an ce ɗan nan ya ce?" Na faɗa mata. Ta ce, "To."

Wannan "to" ɗin ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ni ba malami ba ne. A aji huɗu na bar elementare, na yi leburancin titi, na yi gadi a Kano. Na san ni mutum ne mai gajen haƙuri da son a so shi, kuma wannan hali nawa yana cikin abin da zan faɗa. Amma ba zan bari a rufe Kawu da maganar cewa hannunsa ya mutu tun shekarar fari ba, domin ba haka aka yi ba.

Duk wanda ya san Kawu ya san gwiwoyinsa. Sun yi kanta kamar na raƙumi. Rabin rayuwarsa a kansu ya yi ta, don shi maharbin burtu ne. Yana da busasshen kan burtu da aka ɗora a kan lanƙwasasshen itace, aka rufe da baƙar fata. Sai ya ɗaura shi a goshi, ya yafa baƙin zane a baya, ya duƙa cikin ciyawa yana rarrafe, yana sunkuyar da kai yana ɗagawa kamar tsuntsu mai kiwo. Barewa ba ta gudun burtu, tare suke kiwo tun fil azal. Da haka yake matsawa har ya kai inda kibiya za ta isa.

A baki abu ne mai sauƙi. Na bi shi rani guda, na ce ba zan ƙara ba.

Ƙasarmu dutse ce da tsakuwa. Inda babu tsakuwa akwai tsidau, inda babu tsidau akwai ƙarangiya. Kana rarrafe rana tana dukan baƙin zanen nan har ka ji bayanka yana dahuwa. Cinnaka ya cije ka a cinya, ba damar sosawa. Ƙishirwa ta kama ka, gora tana can gindin bishiya inda ka baro ta. Ka yi tun hantsi kana sanɗa, saura ƙiris, sai iska ta juya ta kai warinka, ka ga fararen gindi suna tsalle sun tafi. Ko kuma zakaran ƙeƙuwa ya tashi a gabanka yana ihu, ya sanar da dajin duka. Kawu bai tsani wata halitta kamar tsuntsun nan ba. Yakan ce, "Wannan ko a lahira aka ce maƙwabcina ne, zan nemi a sauya mini ɗaki."

Yana tafe da ƙullin toka a burgami, jakarsa ta fata. Kafin ya duƙa sai ya ɗebi kaɗan ya saki, ya ga inda ta bi. In ta bi wajen nama, ko da sun kai goma suna tsaye, sai ya zauna ya jira. Wani lokaci jiran ya cinye yinin, mu dawo hannu wofi. Inna ta tare shi da ruwa ta ce, "Malam, yau ma miyar kuka ce tsura?" Shi kuma ya ce, "Ai naman yana nan, na bar shi ya ƙara ƙiba."

Sau ɗaya muka yi faɗa da shi, kuma ni ne da laifi. Lokacin na koyi shan sigari a wajen aikin titi, ina kuma wanka da sabulu mai ƙamshi. Ya hana ni, na ce na bari. Ran nan a bayan duwatsun Roni muka samu gada, ya yi sanɗa mai tsawo, ni ina kwance a bayan geza. Da na gaji sai na kunna guntun da na ɓoye a hula. Gada ta ɗaga hanci, ta ɓace. Ya taso, jini yana bin ƙaurinsa, ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Buɗe bakinka."

Na ce, "Kawu, wallahi iska ce ta juya."

Ya ce, "Gadar ba ta dame ni ba, gobe ma akwai wata. Wallahin nan da ka yi ita ce ta dame ni. Tashi ka tafi gida, ka ce wa uwarka na dawo mata da kayanta."

Wata guda bai yi mini magana ba. Ranar da matata ta haihu, sai ga shi da asuba da zabin daji biyu a hannu, ya miƙa ta kan zana ya ce a yi wa mai jego romo. Haka yake yi wa kowace mai jego a unguwarmu, ko ya san mijinta ko bai sani ba. Daga nan muka shirya, ba wanda ya tayar da zancen.

Akwai ranar da burtu na gaskiya ya zo ya tsaya a gabansa, ya kumbura wuya yana neman faɗa, har ya kai wa na itacen sara. Kawu ya sha ba da labarin nan yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Na ce masa a zuci, haba malam, ni baƙo ne, ban zo neman matarka ba."

Amma akwai doka ɗaya da ba ya dariya a kanta. Maharbi ba ya miƙewa tsaye da kan burtu a goshi matuƙar akwai dabbar da ke kallonsa. In ka saki kibiya, wadda ka sama za ta zabura ta yi gaba, dafi yana cinta a hankali har ta faɗi. Sauran sukan yi ɗan gudu su tsaya su waiwayo. A nan ake gane maharbi. Dole ka ci gaba da kiwonka kamar ba abin da ya faru, har su gaji su tafi, sannan ka bi sawu ka je ka yanka. Ya ce in barewa ta ga mutum ya fito daga cikin burtu sau ɗaya, ta gama yarda da burtu har ta mutu, kuma 'ya'yanta za su tashi suna gudunsa. Ka kashe wa kanka daji, ka kashe wa na bayanka.

Wannan doka da duk sauran, taubashina ya fi kowa saninsu. A kafaɗa Kawu ya fara kai shi daji. Shi ya koya masa dafa ƙwanƙwani a yi dafi, da yadda ake yanke naman da ke kewaye da bakin kibiya a binne, domin nan ne dafin yake taruwa. Kawu bai samu ɗa namiji ba. In ana hira yakan nuna shi ya ce, "Ga bakana nan, ga kwarina."

Sai zamani ya juya. Tun kafin a ba mu mulkin kai gonakin gyaɗa suke cin daji, bayan nan suka ƙara. Aka yi fari, tafkuna suka ƙafe, namun da ba su mutu ba suka yi arewa. Da ruwa ya dawo, kuɗin mai sun shigo ƙasa. Aka shimfiɗa kwalta. Masu hali suka riƙa zuwa daga birni ranar hutu a motoci, da bindigogi masu baki biyu, su bi abin da ya rage su harbe daga kan kujera. Taubashina ya ga inda duniya ta dosa. Ya rataye baka, ya sayi bindiga, ya tara karnuka, samari suka ɗora shi jagoran farauta. Kawu bai hana shi ba. Abu ɗaya ya roƙa: akwai wani kwazazzabo tsakanin duwatsu, yamma da garinmu, kada a shiga da kare ko bindiga. Taubashina ya dafa ƙirji ya ce, "Baba, ko bayan ranka."

A kwazazzabon nan Kawu ya ƙare ƙarfinsa. Barewa uku suka rage a ciki, kuma sun ji ƙarar bindiga sun ƙoshi, ko ganye ya motsa sai su tashi. Rani bayan rani yana fita yana dawowa da ƙaya a tafin hannu. A majalisa aka fara cewa asirinsa ya karye. Yara suka riƙa duƙawa a bayansa suna kwaikwayon burtu. Ni ma na taɓa yin dariya, kuma ya gan ni. Inna ce kawai ya taɓa ce wa, "Guda ɗaya nake roƙon Allah. In shigo da ita ta ƙofar gari da rana tsaka, sannan in ajiye."

Ranar da abin ya faru ina gida hutu, na bi 'yan farauta don nishaɗi. An fita da kiɗa da kirari, aka yini ana fama. Karnuka suka tayar da zomo ɗaya suka yayyaga shi kafin a kai. Wani ya jefi bushiya. Shi ke nan. Rana ta take, ƙafafu sun kumbura, samari suka zube a gindin tsamiya suna gunaguni. Na ji wani yana cewa da wani ne jagora da ba a koma gida haka ba. Taubashina ma ya ji.

Ya ce mini, "Bawa, tashi ka riƙe wa ubangidanka gora, mu duba ruwa."

Na ce, "Ubangidan da ya yini ya kashe bushiya?"

Ya ce, "Tashi dai, ɗan mace. Bakinka ya fi ƙafarka sauri."

Muka bar su da karnuka, mu biyu muka nufi bakin kwazazzabo, inda ake samun ruwa a kogon dutse. Muna isa sai ga barewa ta fito daga cikin sabara tana tangaɗi. Namiji ne, babba. Ya yi taku kaɗan ya durƙushe a gabanmu, kibiya tana tsaye a cinyarsa ta hagu. Ko makaho ya shafa kyauron nan ya san na wane ne, don Kawu yana naɗa jar fata a gindin kibiyarsa.

Na haye dutse na leƙa ciki. Can a fili, tsakiyar rana, ga baƙin burtu yana kiwo shi kaɗai. A gaba da shi, kan tudu, ga sauran barewa biyu sun tsaya cak suna kallonsa. Su ba sa ganinmu, dutse ya kare. Shi yana ganinmu.

Na sauko na ce, "Ta Kawu ce. Yana ciki, biyun sun tsare shi da ido. Mu yanka masa mu jira."

Taubashina ya yi bisimilla ya yanka. Na ɗauka abin da na ce zai yi. Sai na ga ya zare kibiyar, ya karya ta biyu, ya tura a burgaminsa. Ya ɗebi ƙasa ya murje bakin raunin.

Na ce, "Me kake yi haka?"

Ya ce, "Kama ƙafafun baya."

"Yana kallonmu fa."

Ya ce, "Na sani. Ba zai tashi ba."

Wannan magana ita ce ba ta barina barci. Ba mantuwa ya yi ba, ba ruɗewa ba. Ya san dokar, ya san mai dokar, ya auna ya ga tsohon ba zai karya ta ba ko da ana yanka shi. Da abin da aka koya masa ya yi sata.

Na sake waiwayawa. Burtun ya daina kiwo, ya juyo da kai wajenmu, ya tsaya haka. Sannan ya sunkuya ya ci gaba da tsattsagar ƙasa.

Na kama ƙafafun baya. Ba wanda ya tilasta ni. Ina jin nauyin taubashina, ina son a ce da ni aka kashe, kuma na gaya wa kaina cewa a gida za a gyara. Da muka yi nisa, kusa da tsamiya, ya ajiye ta ya ɗirka mata bindiga a wuya. Na waiwaya, na hango biyun nan can kan tudu sun zabura sun gudu. Samari suka taso da ihu. Aka shiga gari da kiɗa, barewa a kafaɗar jagora.

Da la'asar ana fiɗa a ƙofar gidansa, gari ya taru, don an daɗe ba a ga barewa ba. Shi da kansa ya riƙe wuƙa, bai bar kowa ya taɓa ba. Na lura bai yanke wurin kibiyar ba. In ya yanke ya jefar, duk maharbin da ke wurin zai gane naman dafi ne. Sai ya ware cinyar hagu gaba ɗaya ya ce a kai cikin gida, rabon iyalinsa ne. Yana da yara ƙanana, matarsa kuma tana da tsohon ciki. Na ga wannan ma, na yi shiru.

Sai ga Kawu. Ya wanke jiki ya sa riga, yana ɗingishi. Aka buɗa masa hanya. Ya yi sallama, ya dubi naman, ya dubi yarinyar da ta ɗauki ƙwarya za ta shiga gida.

Ya ce, "Barka da arziki, ɗana. A ba tsoho cinyar can."

A wajenmu babban maharbi ba ya roƙon nama. Aika masa ake yi har gida, in ba a aika ba ya haɗiye. Wanda ya zo da ƙafarsa ya miƙa hannu, ya faɗa wa duniya cewa ya gama.

Taubashina ya ce, "Baba, ai da ka zauna, rabonka yana tafe. Ga hanta, ta fi dacewa da haƙoranka."

Aka yi 'yar dariya.

Kawu ya ce, "Cinyar hagu nake so. Dukanta."

Suka dubi juna. A lokacin nan kalma ɗaya ta ishe shi. Da ya ce, jama'a, naman nan na Baba ne, da an yi surutu kwana biyu an manta. Sai ya karɓi ƙwaryar daga hannun 'yarsa, ya miƙa, ya ɗaga murya yadda na baya za su ji.

Ya ce, "A ba shi. Tsoho in ya yi kwaɗayi ba a hana shi. Ai mun ci nasa a da."

Kawu ya karɓa da hannu biyu. Ya ce, "Allah ya ƙara sa'a." Ya juya, ana ta ƙus-ƙus a bayansa. Wata tsohuwa ta ce, "Oh, duniya. Yau shi ne da roƙon cinya."

Na bi shi daga nesa. Bai shiga gida ba, ya zaga bayan danga, ya ɗauki fartanya ya fara haƙa. Da ramin ya yi zurfi sai ya tsaga cinyar da wuƙa. Cikinta ya yi baƙi ƙirin kewaye da inda kibiya ta shiga. Ya jefa ta a ramin.

Bai waiwayo ba ya ce, "Wannan ya isa ya zubar da ciki. Matso ka kawo mini duwatsu, kada karnuka su tono."

Na kawo. Na durƙusa na ce, "Kawu, ina wurin. Da ni aka ɗauka."

Ya ce, "Na gan ka. Ka hau dutse da farar hula kamar tuta. Har yau ba ka iya ɓuya ba."

Na ce, "Bari in je in faɗa musu."

Ya ce, "Ka faɗa musu me? Cewa na rena ɓarawon kibiya? Ba mai ƙara bin sa daji, ba mai ba 'ya'yansa aure. Ƙanena ya bar mini shi. Ka rufe bakinka har sai an rufe ni."

Na ji daɗin wannan umarni fiye da yadda ya kamata, domin ya yi daidai da tsorona.

Muka jera duwatsu, ya bi da ƙasa ya tattake. Ya zauna a kan wani fasasshen turmi, yana cire ƙaya daga tafin hannunsa. Can ya ce, "Kai da ka hau dutse, biyun nan, da bindiga ta tashi, ina suka bi?"

Na ce, "Arewa, wajen Babura."

"Kafin nan fa? Ba su ga komai ba?"

Na ce, "Ba su ga komai ba, Kawu. Har suka tafi burtu suke kallo."

Ya daɗe yana duban hannunsa. Ya ce, "To, alhamdu lillahi. Wani zai samu."

Ba wanda ya samu. Biyun ba su dawo ba, kuma daminar da ta biyo aka sare kwazazzabon aka shuka dawa. Kawu ya rayu shekaru bayan haka yana saƙar igiya a zaure. Taubashina yana wucewa ta ƙofarsa safe da yamma, yana ɗaga masa hannu daga kan babur. Matarsa mai cikin nan ta sauka lafiya, namiji, yanzu har ya isa kiwon awaki.

An rufe Kawu, bakina ya buɗe. Ku da kuka zauna a zauren nan, da ku da kuka ci naman ranar nan, ku sani barewar tasa ce. Da baka ya harbe ta, a kan gwiwoyinsa, yana tsoho, bayan kowa ya ce ya gama.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa kabari, ya shayar da shi inda ba ƙishirwa. Mu da muka ɗauki ƙafafun, Allah ya ba mu abin da za mu ce masa.